Matan Fada Bayan An Watse: Nazari Kan Bakin Ruwan Argungu da Cikin Garinta

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin Matan Fada, ruwan da ake bikin su na Argungu a cikinsa, ranar kamun kifi ba ya mantawa da ƙarar bindigar nan. Kafin hayaƙinta ya baje, dubban masunta sun kwaso a guje, kowa da gorarsa da homarsa, sun auka ruwa har ido ba ya ganin ruwan sai kawuna da goruna. Makaɗa na cikin kwalekwale suna zuga su, jama'a na ihu a kan gaɓa. Awa guda ake ba su. Daga nan a fara jawo giwan ruwa ana ɗorawa a ma'auni. A bikin watan Maris na 2020, kifin da ya zo na ɗaya ya kai kilo 78.

Na koma wurin bayan an watse, kuma abin da na gani shi ya sa ni wannan rubutu. Rumfar manyan baƙi tana nan tsaye babu kowa sai awaki da suka fake wa rana a gindinta. Sawun ƙafafu ya bushe a cikin laka ya tsattsage. Iska na kaɗa ledoji zuwa cikin ruwa. Na nemi inuwar da zan zauna in kalli kogin ko da rabin awa ne, zafin ƙasa ya kore ni. Bikin kwana huɗu ne. Shekara kuwa tana da sauran kwana 361, kuma tambayar da nake son bi a nan ita ce yadda za a sake fasalin wannan bakin ruwa ya yi wa cikin garin Argungu aiki a waɗannan kwanaki.

Yadda garin ya zauna da koginsa

Kabawa mutanen ruwa ne tun zamanin Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular Kabi a farkon ƙarni na 16 ya zauna a Surame. Bayan jihadi ya karɓe Birnin Kabi a 1805, sarautar ta yi ta ƙaura har ta tabbata a Argungu a hannun Yakubu Nabame. Gidan da ya gina a 1831 shi ne fadar sarki har zuwa 1942, aka mai da shi gidan tarihi na Kanta a 1958. Yana nan daf da babbar kasuwa, cikinsa akwai makamai da tambura da kayan su, kuma a nan ake binne sarakunan Kabi.

Al'adun ruwa irin su gyaran ruwa da fashin ruwa, wato tsarkake ruwa da buɗe lokacin su, sun girmi bikin da muke gani yau. Shi bikin a wannan siga ya faro ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu a zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama, aka shirya masa su na musamman don nuna cewa gabar da ke tsakanin Sakkwato da Kabi ta ƙare. A 2016 hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun gado na duniya. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne an yi wannan karramawa a daidai lokacin da bikin yake kwance, domin daga 2009 ba a sake yin sa ba sai 2020. Shekara goma cur masu masauki, masu tuyar kifi, 'yan kabu-kabu da masu sayar da tabarmi suna jiran kakar da ba ta zo ba. Garin da ya ɗora cinikin bakin ruwansa a kan kwana huɗu, duk shekarar da kwanakin suka faɗi to ya tashi a tutar babu.

Ba wai Argungu ta rasa abin yi ba ne. Shinkafa ta riƙe ta. An ƙaddamar da shirin ba manoma bashi na Babban Bankin Najeriya a Kebbi a watan Nuwamba na 2015, an kuma buɗe katafaren kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu a 2017. Sai dai kuɗin shinkafa hanyar mota yake bi. Tirela ta shigo ta yi lodi ta fita, sabbin shaguna da gidajen mai suna tsirowa a bakin kwalta, tsohon gari da ke tsakanin gidan tarihi da kogi kuwa kaɗan yake gani. Haka garuruwa da yawa suka juya wa ruwansu baya tun da mota ta karɓe aikin jirgi.

Kogi mai fuska biyu

Kuskuren farko da mai zanen taswira zai iya yi shi ne ya zo a watan Fabrairu, ya auna gaɓa, ya koma ofis. Gulbin Kabi, kogin da ya bi ta Argungu, na Fabrairu daban yake da na Satumba. Da rani ruwa kan ja baya ya bar tabkuna da gurabe masu zurfi, fadama ta cika da masu noman rani da injinan ban ruwa. Daga Agusta zuwa Satumba kuwa ruwa mai yawa da ya sauka a sassan Zamfara da Katsina da gabashin Sakkwato ta nan yake bi kafin ya faɗa kogin Kwara. Sai ya haye gaɓa ya shimfiɗu a fadama, inda ka taka da ƙafa da rani sai da jirgi.

Akwai kuma hannun mutum a cikin lamarin. Madatsar Bakolori da ke kusa da Talatar Mafara an kammala ta a 1978, ta Goronyo a kan Gulbin Rima a 1984. Tun daga lokacin cikar kogi ta daina bin ruwan sama kaɗai, ta koma tana bin ranar da aka buɗe ƙofofi da ranar da aka rufe. Manoman fadama da masunta na ƙasan Bakolori sun ga raguwar ambaliyar da ke ciyar da shinkafarsu da kifinsu. A wasu shekarun kuma ruwan kan zo gaba ɗaya, kamar a watan Satumba na 2010 da ruwan Goronyo ya mamaye garuruwa a Sakkwato da Kebbi, da kuma daminar 2020 da ta cinye dubban ɗaruruwan kadada na shinkafa a jihar, watanni kaɗan bayan an dawo da bikin. Duk wani benci ko fitila ko bayan gida da za a kafa a bakin Matan Fada, sai an ƙaddara cewa wata rana ruwa zai zo ya gaishe shi.

Abu na biyu da baƙo ba zai gani a taswira ba shi ne dokar ruwan. Ba a su a Matan Fada sai lokacin biki, shi ya sa kifin yake samun sararin girma har ya kai wanda mutum huɗu ke ɗauka. Sarkin Ruwa da Homa, wato shugaban masunta, su ne ke tsaron wannan doka. Wurin shaƙatawar da zai jawo mutane kullum yana iya jawo masu ƙugiya da dare, da jiragen inji masu zubar da baƙin mai, da ruwan wanke-wanken masu abinci. In aka yi sake, a garin neman ƙiba sai a samo rama: a sami lambu a rasa kifin da ya sa duniya ta san sunan wurin.

Abin da wasu garuruwa suka yi

Misalin da aka fi yaɗa hotonsa shi ne na birnin Seoul a Koriya ta Kudu, inda aka rushe gadar sama aka tono rafin Cheonggyecheon tsakanin 2003 da 2005. Ya yi kyau, ya kuma dawo da jama'a tsakiyar birni. Amma ruwan da ke gudana a cikinsa da famfo ake turo shi kullum, kusan tan 120,000 a rana. Garin da wutar lantarki ke zuwa tana ɗaukewa ba zai ɗauko wannan ba.

Na San Antonio a Amurka ya fi koyar da haƙuri. Ambaliyar 1921 ta kashe mutum kusan 50 a garin, aka fara da gina madatsa da hanyar karkatar da ruwa, sannan daga 1939 zuwa 1941 aka gina hanyar ƙafa a bakin kogi bisa zanen Robert Hugman. Duk da haka wurin ya daɗe babu armashi, bai cika da ciniki ba sai wajen 1968, da shaguna da masaukai suka buɗe ƙofofinsu ta fuskar ruwa.

Wanda ya fi kama da namu shi ne na Ahmadabad a Indiya, shi ya sa zan ɗan daɗe a kansa. Kogin Sabarmati ma na damina ne, da rani yashi ne zalla, kuma talakawa ne suka mallaki bakinsa: masu wanki, masu rini, masu noman kayan lambu, da wata kasuwar Lahadi mai shekaru ɗaruruwa. An fara aikin a 2005, aka buɗe wa jama'a a 2012. Aka matse kogin da bangon kankare na kusan kilomita 11 a kowace gaɓa, aka cike bayansa da ƙasa aka sami fili na kimanin kadada 200, aka jawo ruwa daga magudanar kogin Narmada aka tare shi da madatsa don ya tsaya duk shekara. An tsara cewa sayar da wani kaso na sabon filin zai biya kuɗin aikin. Abin yabo, sun gina wa masu wanki wurin sana'arsu, sun kuma ba kasuwar Lahadi mazauni, kuma hanyar ƙafa ta ƙasa an yi ta yadda ruwa zai iya rufe ta ya janye. Abin takaici, iyalai sama da 10,000 aka tayar, sai da kotu ta shiga maganar sake musu matsuguni, da yawansu kuma aka kai su bayan gari nesa da inda suke samun abinci. Ruwan da aka tare ya zama kamar tafki, ƙazanta na taruwa a ƙasan madatsa. Idan aka yi wa Gulbin Kabi irin wannan bango, ruwan Satumba ba zai ɓace ba, zai nemi hanya ne ta gonar wani ko ɗakin wani a ƙasa. Kifi kuma a cikin ciyawar fadama yake hayayyafa lokacin da ruwa ya haye, bango zai raba shi da wurin ƙwansa.

Fasalin da ya dace da Argungu

Ra'ayina shi ne a bar kogin ya riƙa hawa da sauka, a tsara gaɓar hawa uku gwargwadon inda ruwa ke kaiwa.

Hawa na ƙasa, wanda ke nutsewa duk damina, kada a sa masa komai mai tsada. A dasa jema a jere a bakin gaɓa, domin saiwarta na nutsa ƙasa sosai tana riƙe laka, ba ta kuma tsoron ruwa, ga shi masu saƙa na amfani da ita. A yi matakala mai faɗi ta dutse a wurare biyu ko uku inda jama'a suka riga suka saba sauka, a bar filin da masunta ke kwasowa a guje ranar biki fayau yadda yake. Hawa na tsakiya, wanda ruwa ke taɓawa a shekarar cika, shi ne wurin itatuwa masu jure tsayuwar ruwa, irin giyayya da bagaruwa da kanya, da benci na siminti wanda ruwa ba zai ɗauka ba. Sai can sama, inda ko ruwan 2010 da na 2020 bai kai ba, a sa rumfunan ciniki, masallaci, bayan gida, famfo da fitilun sola.

Inuwa ita ce gaba da komai. A watan Afrilu zafin Argungu kan haura digiri 40, babu wanda zai kawo iyalinsa ya zauna a kan tayil da ciyawar Turai. Na ga wuraren shaƙatawa a garuruwanmu da aka kashe wa kuɗi, aka dasa furanni da itacen ado, shekara biyu suka bushe saboda babu mai ban ruwa. Tsamiya, maɗaci, ceɗiya, durumi da dogon yaro sun san ƙasar nan. Gawo ma na da wata baiwa da ta dace da wurin: da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi lif, wato lokacin da ake neman inuwa. Itace na son shekara biyar zuwa goma kafin ya yi rumfa, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya. Kowane dashe sai an yi masa keji saboda awaki, a kuma ɗora shi a wuyan wani takamaimai, ko mai shago na kusa ko wata makaranta.

Amma gyaran gaɓa kaɗai ba zai taɓa cikin gari ba. Abin da zai haɗa su shi ne hanya. A zaɓi hanya ɗaya daga gidan tarihi na Kanta da kasuwa zuwa bakin ruwa, a gyara lambatunta, a dasa itatuwa hagu da dama, a sa fitilu, a bar gefen masu tafiya a ƙasa. Baƙon da ya zo daga Birnin Kebbi ko Sakkwato ranar Asabar ya ajiye motarsa kusa da kasuwa, ya shiga gidan tarihi, ya tako da ƙafa ya ratsa ta gaban masu ɗinki da masu fura da masu sayar da shinkafa 'yar gida, ya isa ruwa da la'asar. In kuwa aka yi babban wurin ajiye motoci a bakin kogi, zai zo ya ɗauki hoto ya juya, ko ruwan leda bai saya a cikin gari ba. Wannan ƙaramar shawara ta inda mota za ta tsaya, a ganina, ta fi kowane gini tasiri a aljihun mutanen gari.

Sai abin da zai sa mutum ya zo ranar da babu biki. Ba sai an ƙirƙiro baƙon abu ba. Wasannin kabanci suna nan: tseren kwalekwale, ninƙaya, nutso, kamun agwagwar ruwa, kamun kifi da hannu. Ana iya yin ƙananansu wata-wata tsakanin unguwanni a sashen ruwan da Sarkin Ruwa ya yarda, ga kokawa da dambe da kaka. Na taɓa tsayawa ina kallon wani dattijo yana koya wa yaro kwanciya a kan gora: ya kife bakinta a ƙarƙashin ciki, ƙirji a bisa, hannu biyu riƙe da homa, ƙafafu na tuƙi a hankali don kada a firgita kifi. Yaron ya kife sau uku kafin ya daidaita. Ɗaliban makarantun jihar nan da yawa ba su taɓa ganin wannan ba sai a talabijin. Rumfa guda inda tsofaffin masunta za su riƙa nuna ɗinkin homa, gyaran gora da sunayen kifaye, daga tarwaɗa da karfasa zuwa ragon ruwa da kurungu, ta isa ta kawo motocin makarantu duk mako, ta kuma sa wa dattawan wani abu a aljihu.

Masu wurin tun asali

Kafin a buga turke ko ɗaya, a ƙirga waɗanda ke cin abinci a gaɓar yanzu: mata masu tuya da bandar kifi, masu wanki, masu fito, masu lambu, da makiyayan da ke da mashaya. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba gwamna ikon karɓar fili don amfanin jama'a, kuma diyyar da take bayarwa ta amfanin gona ce da gini. Matar da ta shekara ashirin tana tuya a gindin itace ba ta da takarda ba ta da gini, don haka a idon doka babu abin da ta rasa. Ita ya kamata a fara rubutawa a rabon rumfuna, da sunanta, kafin labari ya kai ga masu neman rumfa su ba da haya. A bar mashaya da burtalin da ke kaiwa gare ta a buɗe, nesa da wurin zaman mutane. Shingen da ya toshe wa shanu ruwa rigima yake haifarwa, jihar nan kuwa ba ta bukatar ƙari.

Iyaye ma suna da tambayarsu, kuma tambaya ce ta gaskiya: wa zai tsare tarbiyya a wurin? Wurin shaƙatawa mai duhu da lungu-lungu ba ya daɗewa kafin ya yi baƙin suna, daga nan matan aure da 'yan mata su ƙaurace masa. A yi shi a sarari, da haske, da sashen iyali da bayan gida na mata daban, da lokacin rufewa bayan isha'i.

Akwai maganar lafiya da ba a cika kawowa ba. Ruwan fadama mai kwanciya gidan katantanwar da ke ɗauke da tsargiya ne, kuma yaran da ke wanka a ciki su ne ke fitsarin jini. Idan za a gayyato yara bakin ruwa, sai an haɗa da asibiti a riƙa gwaji da raba magani, a kuma sa bayan gida nesa da gaɓa, domin ta fitsari cutar ke komawa ruwa. Jiragen yawo kuma kada wanda ya shiga babu rigar kariya, a kuma ƙayyade yawan mutane. Hatsarin jirgin Warrah na watan Mayun 2021, wanda ya ci rayuka masu yawa a kogin Kwara, bai kamata ya fita daga ranmu ba.

Kuɗi da riƙo

Ginawa ba ta cika gagarar gwamnati ba, riƙewa ce ke gagara. Shi ya sa nake ganin kada a miƙa wurin ga ma'aikata guda da ke Birnin Kebbi. A kafa kwamitin amintattu a garin, masarauta a ƙarƙashin Mai Martaba Sarkin Kabin Argungu Alhaji Sama'ila Muhammad Mera ta ba shi inuwa, a sa Sarkin Ruwa da Homa, wakilan ƙaramar hukuma da jiha, 'yan kasuwa, manoman fadama, makiyaya da mata masu sana'a. Shiga wurin ya zama kyauta, domin ranar da aka sa kuɗin ƙofa ɗan gari ya zama baƙo a koginsa. Kuɗin shara, gadi da gyaran fitila su fito daga hayar rumfuna, wurin ajiye motoci, jiragen yawo da wani kaso na abin da biki ke kawowa, a riƙa liƙa lissafin a allo kowa ya gani. Da ruwan ciki ake jan na rijiya: in masu kamfanonin shinkafa da masu tallafa wa biki suka ga ana riƙon amana, roƙonsu su ɗauki nauyin hanya ko fitilu zai yi sauƙi.

Haɗari guda da ya kamata a toshe tun yanzu shi ne na fulotai. Da zarar an ji za a gyara bakin ruwa, masu hannu da shuni za su fara sayen gaɓa, kafin a farga an kewaye ta da katanga. Sai an fara shata iyakar filin jama'a an sa hannu an buga a hukumance, sannan a sanar da aikin.

Aikin farko ba ya bukatar ɗan kwangila. A watan Satumba mai zuwa, lokacin da ruwa ya kai maƙura, a ɗauki safiyo guda da tsofaffin masunta da manoman fadama a shiga jirgi, a bi gaɓa ana kafa turaku a inda ruwa ya tsaya, su kuma dattawan su nuna a jikin itatuwa da bangaye inda ya kai a 2010 da 2020. A nemi bayanan sakin ruwa daga Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima a haɗa da nasu. Da rani a yi renon dashe a kusa da ruwa, a ƙirga masu sana'a, a shata iyaka. Ruwan farko na Yuni yana sauka a fara dasa itatuwan hanyar da ta taso daga gidan tarihi.